Sakiyar da aka yi wa Kawu a huhu

Ranar da muka dawo da Kawu daga Indiya, falonmu na Agege ya cika da 'yan dubiya, yawancinsu 'yan albasa daga kasuwar Mile 12 ta Legas. Kowa so yake ya ga ɗinki. Da ya ɗaga riga, sai ga ɗan tabo a gefen haƙarƙari, bai kai ƙwayar wake ba. Wani dattijo ya riƙe baki ya ce, "Alhaji, a kan wannan ka biya kuɗin jirgi?" Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Sakiya suka yi mini irin ta wanzamai, sai dai tasu babu ƙauri."

Ni na raka shi, kuma ban ga laifin kwatancen ba. Ƙarin da ke huhunsa na dama santimita 2 ne da ɗoriya. Wata shida ana ɗura masa maganin tarin fuka a wani asibiti kafin hoto ya nuna ciwon daji ne, abin da har yau yake ci mini rai. Idan ciwon bai yaɗu ba, yankewa ake fara dubawa, amma zuciyar Kawu ba za ta ɗauki tiyata ba, shi ya sa aka zaɓi a ƙona ƙarin da allura.

Cikin na'urar hoton CT aka kwantar da shi, aka kashe wurin. Likita ya soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari, yana turawa kaɗan kaɗan yana duba hoto, har tsininta ya shiga tsakiyar ƙarin. Tsinin nan ne ke fitar da igiyar maikurowef, dangin wadda ke ɗumama mana tuwon jiya a kicin. Tana girgiza ruwan da ke cikin tsoka har ya ɗau zafi, da zarar ya haura digiri 60 ƙwayoyin ciwon sun mutu. Ƙonawar kanta ba ta kai minti goma ba. Likitan ya ce a huhu sun fi son ta a kan tsohuwar hanyar da ke aiki da lantarki, don huhu jakar iska ce, lantarki ba ya ratsa ta sosai, maikurowef kuwa ba ruwanta. Ya kuma nanata cewa aikin ya fi ci idan ƙarin bai wuce santimita 3 ba.

Da dare numfashinsa ya yi sama sama. Iska ce ta zurare ta hujin allurar ta danne huhun, abin da dama an gargaɗe mu yakan faru. Kwana biyu ya yi da bututu a ƙirji, sannan aka hana mu hawa jirgi sai da wurin ya warke.

Hoton farko da muka yi a nan Legas ya sa Goggo kuka, don tabon ya fi ƙarin girma. Sai da likita ya bayyana mata cewa da gangan ake ƙona har kewayensa, a hankali zai motse. Na gaba sai bayan wata uku. Kawu dai ya koma rumfa, yana kan benci yana yi wa yara faɗa kan yadda suke jibge buhuna.