Wata huɗu ina koyon kalamkari a Srikalahasti

Ranar da na fara shiga ɗakin aikin, na zaci za a miƙo mini alƙalami. Sai malamin ya nuna mini bokiti da farin akoko ya ce in wanke.

Srikalahasti gari ne a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, a bakin kogin Swarnamukhi, kuma an san shi da kalamkari, zanen hannu a kan yadi wanda a da ake rataya shi a gidajen bautar Hindu. Sunan ya samo asali daga kalam, kalmar da mu muke cewa alƙalami. Labaran Ramayana da Mahabharata, tsoffin littattafan Hindu, ake zanawa layi-layi, a rubuta bayani a ƙasa da harshen Telugu. Ni Musulma ce, abin da suke bauta wa ba nawa ba ne, don haka na tsaya a kan furanni da ganyayen gefe, malamin kuma bai taɓa matsa mini ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne jira. Sai an jiƙa yadin a madarar ɓauna da aka haɗa da garin 'ya'yan wata itaciya da suke kira karakkaya, a shanya ya bushe ƙarau. Maiƙon madarar ne ke hana launi nashewa. Baƙin tawadar kuwa tsatsar ƙarfe ce da mazarƙwaila da ruwa, a rufe a bar su makonni suna tsima. A tulu kamar ruwan datti take, sai ta taɓa yadin sannan ta koma baƙa wuluk.

Sati na uku na ƙosa. Na ɗauki yadi da sauran danshi, na fitar da siffa da gawayin tsamiya, na tsoma alƙalamin gora. Ina dannawa layin ya baje kamar an zuba mai. Aikin kwana biyar ya tafi. Malamin ya ɗaga yadin, ya shafa bayansa da tafin hannu, ya ɗora hannuna a wurin don in ji sanyin da kaina. Bai ce uffan ba.

Jan launi ma sai an jira. Ruwan alif ake shafawa, ba ka ganin komai, sai an wanke a ruwa mai gudu an tafasa da saiwar rini sannan jan ya fito daidai inda aka shafa. Har yau, kafin in ɗora alƙalami, sai na kai bayan yadin kumatuna.