Awon jinin da na yi wata uku ina ɗagawa

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa. Har yau ina tuna ƙarar butarsa cikin dare, sau huɗu, sau biyar yana fita ban ɗaki. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, saiwoyi kawai yake jiƙawa yana sha. Ranar da fitsarin ya tsaya cak muka ɗauko shi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, aka sa masa roba, aka tura mu Sakkwato. Can aka ce ciwon daji ne na furostet, kuma ya riga ya kai ƙashin baya.

Mutanenmu kansar mafitsara suke cewa, amma furostet ɗin wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari. Kansar wannan tsoka ita ce ta fi kama maza a Najeriya, kuma da fari sau da yawa ba ta nuna wata alama.

Bana na cika 51, sai na je asibiti neman awon furostet. Na zaci likita zai ce in miƙo hannu kawai, sai ya zaunar da ni. Ya ce awon PSA, wanda ake neman alamar kansar furostet da shi, na jini ne, amma yana iya hawa saboda kumburin tsufa ko ƙwayar cuta, ba lallai kansa ba. In ya hau, a kan tsakuro tsokar da allura a duba. Wata kansar tafiyar hawainiya take yi, mutum ya tsufa ya mutu ba ita ta kashe shi ba, alhali aikin cire ta na iya barin namiji da yoyon fitsari ko raunin mazakuta. Nan na yi shiru. Ina da iyali. Ya ƙara da cewa a Amurka ma, masu shekara 55 zuwa 69 zaɓin yin awon ake bar musu, amma baƙar fata da wanda mahaifinsa ya yi ciwon, tun daga 45 ya kamata su fara wannan magana da likita.

Da na kai wa Yaya maganar a gonar shinkafa, cewa ya yi, “Ƙanena, kada ka tono abin da Allah Ya rufe.” Ban ga laifinsa ba, shi ya yi jinyar Baba fiye da kowa. Ni dai neman magani ban ɗauke shi rashin tawakkali ba, kuma na ga yadda Baba yake cije leɓe in za mu juya shi a kan tabarma.

Ranar Talata na ba da jinin. Na roƙi Yaya ya raka ni karɓar sakamako, ya ce zai zo, amma a waje zai tsaya.