Makin da na riƙa bayarwa ban taka filin wasa ba

Shekara shida na yi ina mataimakin shugaban makaranta mai kula da harkar karatu a wata ƙaramar sakandare a cikin garin Gombe. Duk ƙarshen shekara, fom ɗin tantance ma'aikata da muke kira APER sai ya biyo ta teburina kafin shugaba ya sa hannu. Malamin lissafi nakan shiga ajinsa in zauna a bencin baya, haka na Turanci. Malamin wasanni kuwa, shekara uku na farko ban taɓa tsayawa na ga darasinsa daga fari har ƙarshe ba. Amma ina ba shi maki.

Da me nake auna shi? Ko ya kawo littafin shirin darasi ranar Litinin. Ko manyan baƙi sun tafi suna yabo bayan gasar wasannin gidaje. Ko yaranmu sun dawo da kofi daga filin wasa na Pantami. Sai kuma ayyukan da ba nasa ba da muka jibga masa, tsare ƙofa da safe don kama 'yan latti, shirya fareti, hukunta masu laifi. In jarrabawar kammala aji uku, wato BECE, ta ƙarato, lokacin darasinsa muke fara yanka mu ba lissafi, ko sallama ba ma yi masa. Tun da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta sake fasalin manhaja a 2012 ta cusa motsa jiki da kiwon lafiya cikin rukunin kimiyya da fasaha, da yawanmu muka ɗauke shi kamar ɗan rakiya a jadawali.

Wata rana cikin watan Maris malamin wasannin ya same ni a ofis. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka cike min na bana, ina roƙon ka zo ka ga aji ɗaya." Na ce, "Malam, ai mun san aikinka." Ya ce, "Kofi kuka sani."

Na je washegari. Wanda ya san zafin Gombe a wannan lokaci ya san abin da ake nufi da tsayuwa a fili da hantsi. Yara sun haura saba'in, ƙwallo biyu kacal. Ya raba su kashi huɗu, rabi a inuwar dogon yaro, rabi a fili, suna musanya duk bayan 'yan mintuna. Waɗanda ba su da ƙwallo ya sa su langa, yana nuna musu yadda tsayuwa da ƙafa ɗaya ke ƙarfafa cinya da daidaita jiki. 'Yan mata ya kai su bayan ajujuwa inda ba idon maza, da hijabinsu da wandonsu, wata malama da ya roƙa tana tsaye tare da su. Nan na tsaya na daɗe, domin a zatona 'yan matanmu zama kawai suke yi a lokacin wasa. Sai ga su suna tsallen igiya, bayan nan kowace ta dafa wuyan hannunta tana ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15, ta ninka sau huɗu. Lissafi ke nan a tsakiyar fili.

Abin da ya fi taɓa ni wani ɗan littafi ne da ke aljihunsa. Sunayen yara masu sikila da masu asma ne a ciki, aji-aji. Wani yaro mai sikila ya ba shi usur da agogo ya zama alƙalin lokaci, ya ce ya riƙa tafiya a hankali a inuwa, robar ruwa a hannunsa. Ni da ke riƙe da fayil ɗin kowane ɗalibi ban san rabin waɗannan yaran ba su da lafiya ba. Ya kuma gaya min da azumi ba ya fitar da yara rana, a aji yake koya musu taimakon gaggawa da haɗa ruwan gishiri da sukari.

Kofin da muke tinƙaho da shi yara goma sha ɗaya ne ke ciyo shi, kuma galibinsu a filin unguwa suka koyi ƙwallo, suna mafarkin Gombe United tun kafin su zo hannunmu. Sauran ɗaruruwan fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum. Yarinyar da daga makaranta sai gida sai Islamiyya, wannan darasin ne kaɗai damarta, shi ne kuma muke ƙwacewa.

Daga wannan shekarar na sauya yadda nake cike fom ɗinsa. Sau biyu a zango nake zuwa fili da agogo, in duba minti nawa yara suka yi suna motsi da nawa suka yi a layi suna jira, ko 'yan mata sun shiga, ko akwai ruwan sha, me aka yi wa marasa lafiya. Shugabanmu bai bar maganar kofi ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, shi ne abin da iyaye da jami'an ma'aikatar ilimi ke gani da ido. Mun yi ta kai-kawo a kan jadawali kafin ya yarda a daina taɓa lokacin wasanni na aji ɗaya da aji biyu. Na aji uku har na bar makarantar ana yanka shi in jarrabawa ta zo.