Abin da Agege ta koya mini a aikin edita

Na shafe shekara goma sha ɗaya ina shirya wata ƙaramar mujallar al'adu ta Hausa daga wani ɗaki a unguwar Agege da ke Legas, kuma lokacin da na fara, hankalina gaba ɗaya yana Arewa. Na ɗauka masu karatuna suna Kano da Kaduna da Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, saboda haka nakan cika shafuka da labaran 'yan fim da mawaƙa, in ɗaure mujallu a kwali in damƙa wa direbobi, sannan in zauna jiran kuɗin da sau da yawa ba ya dawowa.

Wani dattijo mai sayar da goro ne ya sauya mini tunani. Na je gaishe shi bayan La'asar, ya karɓi mujallar ya dudduba hotunan, sannan ya ce: "Ɗana, kai da kake zaune a cikinmu, ina namu labarin?" Sau huɗu na koma wurinsa da rikoda. Ya ba ni tarihin yadda kakansa ya sauka a Zangon Agege saboda goron ƙasar Yarabawa, da yadda ake naɗe goron da ganye a huhu don kada ya bushe, da yadda jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911 ya mai da tafiyar fatake ta watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Fitowar da ta ɗauki wannan hira ta ƙare a Agege da Idi-Araba da Obalende kafin kwali ɗaya ya bar Legas.

Daga nan na koma neman labari a inda nake taka ƙafa: mahautan Oko-Oba, 'yan albasa da tumatir na Mile 12, 'yan dambe da makaɗansu, da matasan da aka haifa a nan, waɗanda ke jin Yarabanci kamar Hausa. Na kuma ɗora wa kaina wata ƙa'ida, cewa ba zan buga maganar dattijo ba sai na koma na karanta masa ita da bakina, domin akasarinsu da ajami suka saba, kuma wanda ya ba ka amanar tarihin gidansu yana da haƙƙin jin yadda ka rubuta shi. Wannan yana cin lokaci matuƙa a garin da cunkoso kan cinye rabin yini, amma ban taɓa nadamarsa ba.

Wahalar da ta fi ƙona mini rai ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Ma'aikatan wata maɗaba'a a Shomolu, waɗanda ba su jin Hausa, sun taɓa sauya mini salon haruffa ba tare da sun tambaye ni ba, sai kanun bango da ke cewa "Mu ba baƙi ba ne a Legas" ya fito da "baki". Na biya an sake buga bangon duka, ga takarda da tsada domin daga waje ake shigo da ita. Tun daga ranar nake kwana a maɗaba'a duk daren da za a buga mujalla, kuma injin ba ya tashi sai na sa hannu a shafin gwaji na ƙarshe.