Tarihin Rayuwar Kakanmu, Tsohon Sojan Bama: Kashi Na 4

A makon jiya mun tsaya inda Kaka, Allah ya jiƙansa, ya gama horon kurtu a Dafo na Zariya aka tura shi Bataliya ta 4 ta sojan Najeriya. Yau za mu bi shi zuwa Bama. Ba Bamar Borno ba, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, wadda tsofaffin sojanmu ba su san ta da wani suna ba sai Bama.

A 1943 jirgin ruwa ya ɗebe su daga Legas, ya zagaya ta ƙurewar kudancin Afirka, ya sauke su a Bombay ta Indiya. Bataliyarsu tana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, tare da sojan Gambiya da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau. A sojan Najeriya Hausa ce harshen bariki, har wasu hafsoshi Turawa sai da suka koye ta, ko da kuwa gurguwa ce.

Ƙarshen shekarar aka nufi da su kwarin kogin Kaladan, a yankin Arakan. Babu hanyar mota ko ɗaya, sai tsaunuka da dajin gora. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 daga garin Chiringa zuwa kwarin, suka gama ta a Janairun 1944. Kaka yakan ce kafin ya ga Bajafane ko ɗaya, tafin hannunsa ya riga ya yi kanta.

Abin da ya bambanta sojan Afirka ta Yamma da sauran shi ne 'yan dako. Su ma soja ne masu kaki, amma galibinsu ba su riƙe bindiga, sai adda da gammo. Kowanne yana ɗaukar kimanin laba 40 a ka, ban da kayan kansa: akwatin harsashi, na'urar oba-oba, magani, wani lokaci mai rauni a kan makara. Inda alfadari ya tsaya, ɗan dako ya wuce. Har ya bar duniya Kaka bai yarda a ambaci yaƙin Bama a gabansa ba a sa su a gaba ba, kuma gaskiyarsa ne, don ba a ba su haƙƙinsu na yabo ba.

Abinci daga sama yake zuwa. Sai a sare fili, a shimfiɗa ƙyallaye a ƙasa a matsayin alama, a tayar da hayaƙi. Jirgin Dakota ya sauko ƙasa-ƙasa ya yi ta zagaye, kowane zagaye ana turo kaya ta ƙofa. Harsashi da magani ana ɗaura musu lema ne a sako su. Shinkafa kuwa haka nan ake jefo ta, buhu cikin buhu, don in na ciki ya fashe na waje ya riƙe. Buhun nan in ya sami mutum zai iya kashe shi, shi ya sa ba mai shiga fili sai jirgi ya tafi. Iska kan kwashe lema ta maƙale a kan itace, ko ta faɗa wajen abokan gaba. In gajimare ya rufe kwari, ranar sai a rage rabo.

Bindigarsa .303 ce, mai cin harsashi 10, ana ɗura mata biyar-biyar. A cikin gindinta akwai ɗan rami inda ake ajiye kwalbar mai da igiyar goge bututu. A yanki ƙyalle inci 4 da inci 2, a saƙala a igiyar, a ja daga baya zuwa baki. Bayan harbi sai an kwarara tafasasshen ruwa a bututun, saboda harsashin zamanin yana barin gishiri mai jawo tsatsa, mai kuma ba ya wanke gishiri. A laimar Bama, kwana ɗaya ya isa bututu ya yi ja.

Sai dai ciwo ya fi harsashi kwantar da mutane. Kullum da ƙwayar mepacrine guda ta maganin zazzaɓin cizon sauro, a layi ake sha, saje yana kallon maƙogwaron kowa, don an baza jita-jitar wai tana kashe mazakuta, wasu suna ɓoye ta a kumatu. Tana sa fata ta yi rawaya, amma wanda ya yi wasa da ita zazzaɓi ke kayar da shi. Da magariba a sauke hannun riga. Ruwan rafi ba a sha sai an jefa masa ƙwayar tsarkake ruwa an jira, in ba haka ba atini. Matsattsaku kuma ta ramin igiyar takalmi take shiga. Ba a fizge ta, sai a sa mata gishiri ko wutar taba ta saki da kanta, don wurin da aka fizge kan zama gyambo.

Wannan horo bai bar shi ba har tsufa. Jika ba ya kwana a gidansa sai Kaka ya tsuguna da fitila ya duba tsakanin yatsun ƙafarsa, ya shanya, ya shafa man kaɗanya inda ya ga faso. Shi yake soke gefen gidan sauro a ƙarƙashin tabarma da hannunsa, kusurwa huɗu, sannan ya koma ya sake dubawa. In jikanya ta yi ƙorafi sai ya ce, "Haƙuri, amaryata, ƙafa ita ce jirgin talaka." Lambarsa ta Bama, tauraruwa mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, tana cikin gwangwani a ƙasan adaka, ba ya fito da ita sai ranar tunawa da mazan jiya. Amma addarsa kullum a wase take, da ita yake fere wa yara rake.

A farkon Maris na 1944 rundunar ta kai Kyauktaw, can ƙasan kwarin. A nan sojan Japan suka juyo musu da farmaki, suka ƙwace tudun da ke da ɗakin ibadar 'yan Buddha a kansa, dole aka ja da baya ta cikin tsaunuka, aka bar hanyar jif da aka sha wuyar sarewa. Yadda aka fitar da masu rauni a wannan tafiya, da dalilin da ya sa Kaka ya daina ji da kunnen hagu, shi za mu kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.