Tafkin garinmu ya koma kamar kunu

Asabar, bayan isha'i.

Ɗazun nan na shigo Katsina daga ƙauye, gajiya kamar a kwashe ni, amma barci ya ƙi.

Suna ne ya kai ni gidan Kawu. Bayan an raɗa wa yarinya suna an ci waina, na ce bari in leƙa tafkin da muka koyi iyo muna yara. Da ban je ba. Ruwan ya yi jajir, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Ko bado ɗaya ban gani ba, balle balbela.

Samari ne cike da bakin ruwan, kowa da daronsa. Dutsen zinare suke kawowa a buhu bisa babur daga ramukan daji, a niƙa shi a inji, a zuba garin a kan katakon da aka shimfiɗa wa tsohon kafet, a yi ta kwara ruwa. Abin da kafet ya riƙe shi ake zuba wa zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba da ke kama zinare. A gabana ɗan Kawu ya cuɗa zaibar da hannu tsirara, ya matse ta a tsumma, ya ɗora ɗan dunƙulen a kan garwashi yana hurawa da baki. Hayaƙin a fuskarsa. Sauran taɓon kuwa ya gangara tafki, inda shanu ke sha can gefe.

Na ce masa, “Kai, ka san abin da kake shaƙa?”

Ya yi dariya. “Yaya, buhun taki nawa yanzu? Da wannan na yi wa Baba noman bana.”

Na rasa ta cewa, domin ni ban aika ko kwano ɗaya na taki ba.

Abin da ya tsaya mini a rai Zamfara ce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda a cikin gidaje ake dakan dutsen zinare, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa. A 2015 aka sake kwatawa a Shikira ta jihar Neja. Ita zaiba tata tafiyar a hankali ce: ta kwanta a laka, ta shiga jikin kifi, ta kai ga ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikin mahaifa.

Na faɗa wa Gwaggo duk wannan a ɗakin girki. Ba ta tanka ba, ta jefa alif a bokitin ruwan tafki. Jim kaɗan laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Ta ce, “To malamin boko, ina gubar?” Na ce tafasawa ma ba ta fitar da dalma, Gwaggo. Ta ce rijiyar burtsatsen gari ta lalace tun kafin azumi, in kawo mata wani ruwan in ina da shi.

Da zan taho ta cusa mini ƙunshi a jaka, kamar kullum. Tarwaɗa ce banda, manya guda shida, daga tafkin. Ga ta nan a leda kan tebur. Maman yara ta leƙo sau biyu tana tambaya ko ta jiƙa ta don miyar gobe.