Sarayebo: Maƙwabtan da suka buɗe ƙofa a 1941

Da hantsi jirginmu ya sauka a Sarayebo, babban birnin Bosniya, daga Istanbul. Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun yi masa zobe, kogi ya ratsa tsakiyarsa. Ina ajiye jaka na nufi tsohuwar kasuwa, inda maƙeran tagulla ke ta ƙwanƙwasa butocin gahawa. Na yi azahar a masallacin Gazi Husrab Beg, daga nan taku kaɗan sai ga tsohuwar majami'ar Yahudawa ta 1581, wadda yanzu gidan tarihi ce. Kakanninsu daga Sifen aka koro su a 1492, daular Turkawa, mai mulkin garin a lokacin, ta karɓe su.

Labarin wasu maƙwabta ne ya kawo ni. A watan Afrilun 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai, gidan wani Bayahude, Yosef Kabiliyo, ya rushe. Mustafa Hardaga, Musulmi mai ginin da Yosef ke sana'ar bututu a ciki, ya kwashe shi da iyalinsa ya kai su gidansa. Matan gidan masu lulluɓi ne, ba sa buɗe fuska gaban baƙon namiji, amma suka buɗe gaban Yosef, don an riga an ɗauke shi ɗan gida. Wanda ya tashi a gidan kulle ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ofishin Gestapo, 'yan sandan asiri na Jamus, yana daura da gidan. Ga sanarwa manne a bango cewa duk wanda ya ɓoye Bayahude kisa ne hukuncinsa. Yosef ya tura iyalinsa garin Mostar, inda Italiya ke iko, shi kuwa 'yan Ustasha, ƙungiyar Kuroshiyawa mai mara wa Jamus baya, suka kama shi, suka sa shi sharar ƙanƙara a titi da sarƙa a ƙafa. Zaineba, matar Mustafa, ta hango shi, tun daga ranar take kai abinci, nasa da na sauran fursunoni. Nan ne labarin ya fi kama ni. A unguwar da kowa ya san kowa, mace ta fito da kwano a hannu gaban masu bindiga! Mahaifinta, Ahmed Sadik, shi ma ya ɓoye wani iyalin Yahudawa, aka kai shi sansanin fursunoni na Yasenobats, can aka kashe shi.

Da la'asar na hau gangaren dutsen Tirebebic zuwa tsohuwar maƙabartar Yahudawa, hawan da sai da na tsaya shan iska. Duwatsun kaburburan manya ne, wasu da tabon harsashi, domin wurin ya zama bakin daga lokacin da aka yi wa garin ƙawanya a yaƙin Bosniya daga 1992. Daga sama ana hango hasumiyoyin masallatai birjik.

A wannan ƙawanyar ne abin ya juyo kan Zaineba, ga tsufa ga rashin lafiya. Iyalin Kabiliyo, da suka koma Isra'ila bayan yaƙin duniya, su ne suka sa cibiyar Yad Vashem, mai tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, ta karrama gidan Hardaga a 1984, su ne kuma suka tashi tsaye a wannan karon. A farkon 1994 aka fitar da ita da 'yarta da surukinta da jikarta. A Isra'ila ta rasu a cikin shekarar.